Gadon Mama Saratu a Bayan Bas

Duk wanda ya ga tabon da ke bayan cinyata ta hagu sai ya tambaye ni ko sarar wuƙa ce. Ba wuƙa ba ce, ƙafar gado ce. Gadon alminiyam ne da wasu gwanayen Gyadi-Gyadi suka kafa a cikin wata tsohuwar bas, don a kwantar da matar da ko juya kanta ba ta iya yi. Ni na riga ta hawa, shi ya sa tabon yake jikina ba a nata ba. Amma bari in faro daga inda mota ta sauke ni.

Unguwa Uku

Sunana Haruna, ni mutumin Maraɗi ne. A can na koyi aikin alminiyam a garejin Malam Isuhu, inda ake ɗaura akwatuna da gadaje da mazaunin tankin ruwa a cikin motocin da ke shiga hamada. Wanda ya yaudaro ni Kano ɗan unguwarmu ne, Mamman Sani. Ya zo gida da sallah cikin shadda mai maiƙo, ya ce mai hannu irin nawa a Kano sai dai ya zaɓi aikin da yake so. In na iso, in neme shi a tashar Unguwa Uku.

Na kuwa neme shi, ya kuma zo. Ya rungume ni, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har da akuyar innata, sannan ya ce tasha ba wurin yarda ba ce, in kawo akwatin kayan aikina ya ajiye a shagon abokinsa. Da hannuna na sauke masa daga kaina. Injin huda, zarto, almakashin ƙarfe, magagari, duk abin da na tara a shekara tara. Ya zaunar da ni a kan benci ya ce minti biyar. Har yau da nake wannan rubutu minti biyar ɗin Mamman Sani bai cika ba. Abin da ya rage mini shi ne tef ɗin awo da ke aljihuna, da sufana lamba goma da na saba maƙalawa a ƙugu.

Kwana uku na yi a tashar. 'Yan kamasho suka ɗauke ni ɓarawo, tunda ba na shiga mota ba na kuma tafiya. Ɗaya ya watsa mini ruwan wankin mota da gangan, da na yi magana sai suka bar zancen ruwa suka koma kwaikwayon bakina. "Mi kac ce? Mi kac ce?" Suna dariya har da riƙe ciki. Ni da nake zaton duk inda ake Hausa gida ne, na ja bakina na koma gindin bango.

Mace ɗaya ce ta dube ni da idon rahama, wata mai sayar da shinkafa da wake, Inna Kande. A rana ta biyu ta miƙo mini kwano.

"Kai kuma daga wace duniya da wannan Hausar?"

"Daga Maraɗi nike, Inna."

"Ai na ji. To ci, Maraɗi ba za ta biyo ka da tuwo ba."

Da ta ji sana'ata, ita ce ta ce in kama titin Zariya in miƙe har Gyadi-Gyadi, akwai shagunan masu taga a jere. Ko godiyata ba ta tsaya ji ba, ta ce in matsa ina tare mata ciniki.

Gyadi-Gyadi

Shago na huɗu ne ya karɓe ni, na wani Alhaji Garba. Ba don Allah ya karɓe ni ba, don ya ga na yanka kusurwa ta zauna ba tare da ciko ba. Ya ce zai ba ni abincin rana, in riƙa kwana a sito tare da gilasai, ma'aikaci da rana, mai gadi in an tashi. Babban ma'aikacinsa Tanimu ne, wanda ya raɗa wa kansa suna Injiniya, in ka kira shi Tanimu sai ya yi kamar da bango kake. Ni kuwa ba wanda ya taɓa kiran sunana a shagon nan. Nijar share nan, Nijar ɗauko can. In ƙusa ta ɓace Nijar ne, in gilashi ya tsage Nijar ne, ko da a lokacin an aike ni Ƙofar Ruwa sayo kaya.

Su da inci suke awo, ni da santimita na tashi. Ran da Tanimu ya ga lambobina a jikin bango, ya fizge tef ɗina ya wurga kan rufin kwano, ya ce a nan ba a awon Faransa. Sai da na hau na ɗauko, kwano na ƙona mini tafin ƙafa, su suna ƙasa suna tafi. Na haɗiye. Duk Juma'a nakan kira innata in ce mata na samu ɗaki har da fanka, mutanen Kano kuma sun riƙe ni hannu biyu. In na kashe wayar sai kewar furarta ta taso mini, wadda take damawa da nono mai tsami da ɗan barkono. Ba na jin kunyar faɗa, na yi kuka a bayan sito ba sau ɗaya ba.

Ina cikin wata na biyar aka kawo bas ɗin. Fara ce, tsohuwa, an cire kujerun baya. Mai ita wani dattijo ne siriri mai gilashin ido, Baba Bitrus, tsohon malamin makaranta ɗan Filato da ya tsufa a Tarauni. Ya nuna mana hoton da ɗansa na Turai ya turo masa a waya, irin motar nan da Turawa ke mayarwa ɗaki, da gado da kabad da wurin ruwa. Ya ce shi ba yawon buɗe ido zai je ba. Matarsa, Mama Saratu, ɓarin jikinta ya shanye shekara biyu ke nan, ba ta iya zama, ta kuma matsa sai an kai ta ƙauyensu a bayan Pankshin ta ga ƙanwarta da dutsen garinsu. Gidan mahaifinta ya rushe, ƙanwar ɗaki ɗaya gare ta, don haka a motar za su riƙa kwana. Kuma dole a tafi kafin damina ta zauna, don in rafin bakin ƙauyen ya kawo, ba motar da ke ƙetarewa.

"Abu ɗaya nake roƙo," in ji shi. "Likita ya ce ƙashinta ya yi laushi. In ta faɗi sau ɗaya, shi ke nan. A yi mini gadon da ba zai motsa ba."

"Baba, ka zo wurin 'yan gari," in ji Tanimu. "Je ka kwantar da hankalinka."

Sai ya yi wa bas ɗin taga. Wallahi taga ya yi mata. Ya ɗauko siririn alminiyam ɗin da muke zagaye gilashi da shi, wanda za ka iya lanƙwasawa a gwiwarka, ya haɗa kusurwoyi da ribit, 'yan ƙusoshin nan da ake matsewa. Ƙafafun gadon ya ɗaure su da sukuru a fallen daɓen motar, wanda bai fi kaurin murfin tukunya ba. Saman inda kan mara lafiya zai kasance ya rataya kabad mai ƙofar gilashi. Abin ya yi kyau, ban hana shi ba. Yana ƙyalli har masu wucewa na tsayawa.

Na daure kwana biyu, a na uku na kasa.

"Injiniya, wagga ba taga ba ce. Taga cikin bango take, bango kau ba ya zuwa ko'ina. Mota girgiza take, ribit sai ta ci raminta ta hita. In direba ya taka burki, nauyi duka gaba za shi."

Tanimu ya ajiye abin hannunsa ya kira sauran. "Ku zo ku ji! Mutumin da motar hayar garinsu raƙumi ne zai koya mini aikin mota."

Na je wurin Alhaji Garba. Ko ɗago kai bai yi daga wayarsa ba. "Kai cin arziki ka zo yi ko koyarwa? In sito ya ishe ka faɗa mini, akwai masu so."

A garejin Malam Isuhu akwai wata ƙa'ida da ba a karyawa. Duk wanda ya kafa gado ko mazauni a cikin mota, shi zai fara hawa, a bi da shi hanya mafi muni a gari, direba ya yi gudu ya taka burki ba sanarwa. In ka ƙi hawa, Malam ba ya zagin ka, sufana kawai zai miƙo maka ka kwance aikinka da hannunka. Da wannan na tashi, shi ne kuma ya hana ni sakat a kwanakin nan. Na san in na buɗe baki gaban mai mota, na rasa sito da abincin rana, kuma duk faɗin Kano ba ni da wata ƙofa. Na kuma san abin da zai sami matar da ban taɓa gani ba, a wani gangare tsakanin nan da Jos.

Ranar karɓar mota Baba Bitrus ya zo da direbansa, Malam Iliya, mutum ne da ba ya son yawan magana. Baba ya shafa gadon ya yi ta sa albarka, ya ce jibi da sassafe za su kama hanya. Har ya juya zai shiga gaba, sai kawai magana ta kuɓuce mini.

"Baba, garinmu wanda yay yi gado cikin mota shi ka hwara kwantawa bisa, a zaga da shi. Ka ce Injiniya shi hau."

Baba ya dubi Tanimu ta saman gilashinsa, irin kallon malaman makaranta. "To, ai ba laifi. Bismilla."

"Ni ba mara lafiya ba ne," in ji Tanimu. "Kuma ba na hawa gado don wani baƙon haure ya ce."

"To ni in hau," na ce. Na cire takalmina na hau na miƙe.

Malam Iliya ya bi da mu ta layin bayan shagunan, inda ruwan kwata ya cinye hanya. A rami na farko gadon ya yi ƙara. A na biyu wata ribit ta yi tsalle ta bugi rufi. Muna fitowa bakin titi wani mai adaidaita ya yanko gabanmu, Malam Iliya ya taka burki, ba ma da ƙarfi sosai ba. Gadon ya tashi da ni gaba ɗaya. Ƙafa ɗaya ta tsinke ta shige cinyata, kabad ɗin ya sauko ya tarwatse daidai inda kaina ya bari. Da na buɗe ido, Baba Bitrus na tsaye a ƙofa yana kallon gilashin da ya cika matashin kai.

Kuna zaton da muka koma wani ya ji kunya? Tanimu ya rantse da Allah ni na sassauta ribit ɗin don in tozarta shi. Alhaji Garba ya ce dama an gaya masa 'yan Nijar ba su da amana, in ɓace kafin ya kira waɗanda za su tambaye ni takardu. Tanimu ya ɗauke ni da mari ina tsaye da ƙafa ɗaya, jini na bin ɗayar. Wani ya shiga sito ya jefo tabarmata da buhun kayana cikin kwata. Mutanen layi suka taru suna kallo, ba wanda ya ce a bari. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, kuma ban yafe ba, kada wani ya zo mini da wa'azi.

Baba Bitrus ne ya tsamo buhun da hannunsa. Ya ce, "Shiga mota, ɗana. Mene ne sunanka?" Wata biyar a Gyadi-Gyadi, shi ne mutum na farko da ya tambaya.

Tarauni

An yi mini ɗinki takwas a wani ƙaramin asibiti. Daga nan Baba ya wuce da ni gidansa a Tarauni, gida mai ɗaki uku da bishiyar mangwaro a tsakiya, ya ba ni ɗakin ɗansa. Ya tambaye ni ko zan iya yin gadon da kaina. Na ce zan iya, amma ba ni da komai sai tef da sufana. Ya ce shi kuma ba shi da kwanaki, don hadari ya fara haɗowa ta gabas.

Kada ku ɗauka unguwar ta yi murna da ni. Mutanen cocin su Baba suka zo har gida suka ja shi gefe, ina ji, wai ya ajiye ɗan Nijar da bai san asalinsa ba, wata rana zai wayi gari ba bas ba baƙo. A masallacin layin kuma wani mai shago ya tare ni bayan sallama ya ce, "Kai ne mai ci a gidan waɗancan? Duk Musulmin Kano ka rasa inda za ka raɓa?" Na ce masa Musulmin Kano sun jefa tabarmata a kwata. Daga ranar ya daina amsa sallamata, in na je sayen sabulu ya ce babu, ga shi kuwa a jere a bayansa.

Mama Saratu tana kwance a falo kan katifa, 'yar ƙaramar mace, bakinta ya karkace, maganarta sai ka kasa kunne. Ranar farko ta sa Baba ya sayo sabuwar buta da darduma, ta ce daga yau nama a wurin mahaucin bakin kasuwa za a riƙa saye. Ba ta yi mini jawabi ba, na dai wayi gari na ga buta a ƙofar ɗakina.

Na je Ƙofar Ruwa da ɗingishi na zaɓo alminiyam mai kusurwa huɗu, mai kauri. Wani makanike a layin ya ara mana injin huda, da sharaɗin Baba ne zai riƙa karɓa ya mayar, ba ni ba. Yanka kuwa da zarton hannu na yi, ina goga wa haƙoransa kyandir don kada su cushe. Baba ne mai riƙe mini, garin alminiyam ya cika masa gira.

Jikin mota ba shi da wuri madaidaici ko ɗaya, bango a lanƙwashe, daɓe da tudu da kwari. Shi ya sa ban fara da tef ba. Kwalaye na yanka da almakashi har suka kwanta daram a jikin motar, sannan na kwafi siffarsu. Ban ɗaura komai a falle ba. Na shiga ƙarƙashi na nemo haƙarƙarin motar, inda ƙarfe ke da kauri, na kauce wa tankin mai, na huda, na zura ƙusa mai noti ta fito ta ƙasa, noti biyu a kowace. Duk inda alminiyam zai taɓa ƙarfen mota na sa robar tsohuwar taya a tsakani, don in suka haɗu kai tsaye cin juna suke yi, ga kuma kuka. A kowace kusurwa na sa dogari a karkace, mai tare nauyi in an taka burki. Gilashi kuwa ko ɓalli ban sa ba.

A rana ta biyar na shiga falo in auna Mama. Na ja tef daga kanta zuwa ƙafa, na ja daga kafaɗa zuwa kafaɗa, na rubuta. Ta bi ni da ido, sannan ta ɗaga hannunta mai lafiya ta ware yatsu.

"Ƙara faɗin... taƙi biyu."

"Mama, babu wuri. Nan kabad za shi zamna."

"Cire kabad."

"Ina za a sa kayanki?"

Ta tara numfashi, sannan ta nuna Baba da haɓa. "Shekara arba'in da ɗaya... bai kwana wani gado ba. Ba zai fara... a mota ba."

Baba ya cire gilashinsa ya hau goge shi da gefen riga. "Saratu, kin fara ko? A gaban baƙo?" Ta yi dariyarta ta rabin baki.

Na koma na warware aikin kwana biyu. Raina bai so ba, don hadari kullum ƙara duhu yake, amma na fasa kabad, na faɗaɗa gadon da taƙi biyu na hannunta, ba na nawa ba. Kayan sawa na yi musu aljihu a ƙarƙashi. Ɓangarenta na yi masa shinge mai ninkewa, na naɗe shi da soso. Nasa ɓangaren siriri ne a jikin bango, sai dai mutum ya kwanta da gefe.

A kwana goma sha uku muka gama, har da mazaunin jarkar ruwa da na risho da fanka. Ranar gwaji na ɗora buhun siminti a wurin Baba, ni na kwanta a wurin Mama, na ce wa Malam Iliya ya bi layin nan dai na bayan shagunan Gyadi-Gyadi, kuma kada ya ji tausayina. Bai kuwa ji ba. Ya faɗa kowane rami da gangan, ya taka burki har siminti ya yi ƙura. Gadon ko gezau. Na sa ya tsaya a ƙofar shagon Alhaji Garba, aka buɗe ƙofar baya ina kwance na harɗe ƙafa. Tanimu ya tofar da yawu ya juya baya. Na dai ga ɗaya daga cikinsu ya zagayo yana ɗaukar hoto da waya, ban kawo komai a raina ba.

Hanyar dutse

Da ni aka tafi, da sufanata a ƙugu, don na ce sai na ga ƙarshen aikina. Duk inda muka tsaya sai in bi notuna in taɓa. A shingayen hanya kuwa bakina ne ke tona ni, da na amsa gaisuwa sai a ce in sauko. A wani shinge wani mai sanda ya sa ni tsugunne a rana, ya ce zai riƙe ni su wuce.

"Ɗana ne," in ji Baba.

"Bitrus ya haifi Haruna? Baba, da furfurarka?"

Sai muka ji ƙwanƙwasa daga cikin mota. Mama ce ke buga ƙarfen gadon da zoben hannunta, ba ta daina ba har mutumin ya leƙa. Ban ji abin da ta ce masa ba, na dai ga ya fito yana sosa ƙeya, ya ce in tashi in ba shi wuri.

Mun ƙetare rafin ruwa bai kai rabin taya ba. Ƙanwarta ta fito da gudu tana kuka, tana kiran ta da wani suna na yarensu da ban taɓa ji ba. Mama ta sa aka juya motar, ƙofar baya ta fuskanci wani baƙin dutse mai tsaga a tsakiya, ta daɗe tana kallonsa. Washegari da hantsi aka yi ruwan da ya cika rafin. Da na zo sallama ta kama hannuna ta ce, "Ko sau ɗaya... ban ji hanya ba." Ba gaskiya ba ne, na ga yadda take cije leɓe a kan duwatsu, amma na karɓa. Ta ƙara da cewa, "Ka gaya wa innarka... gaskiya." Ashe duk wayar Juma'ar da nake yi a gindin mangwaro tana ji. Ni da Malam Iliya da ƙafa muka ƙetaro, ruwa har ƙugu, muka nemi motar haya. A Juma'ar da ta biyo na gaya wa innata komai, ta zage ni, sannan ta yi kuka.

Da makullin ɗakin da Baba ya bar mini na samu wurin kwana, har na kafa 'yar rumfa kusa da kasuwar Tarauni, ina gyaran taga da ƙofa. Wata rana na bi ta Gyadi-Gyadi na ga sabon allo a saman shagon Alhaji Garba, an rubuta suna mayar da mota ɗaki, aikin Injiniya. Hoton da ke jiki gadona ne. Sun yanke ni daga ciki, amma in ka duba gefe da kyau za ka ga yatsun ƙafata. Na tsaya ina kallo, Tanimu ya leƙo ya ce, "Je ka kai ƙara, Nijar." Ban kai ba, wa zai saurare ni? Duk wanda ya tambaye ni shagon dai nakan ce ya je, amma ya sa Injiniya ya fara hawa.

Bayan damina ta ɗauke, wata ranar Talata, Malam Iliya ya tsaya a bakin rumfata. Ya ce ya je ya ɗauko motar, sun dawo jiya, Baba na kira in zo in duba ta. Ban tambaye shi ba, shi ma bai faɗa ba sai da muka hau hanya. Mama ta rasu ana saura sati uku ruwa ya ɗauke, a kan gadon, ƙofa a buɗe tana fuskantar dutsen.

"Tun daga can har Kano Baba bai zauna a gaba ba," in ji Malam Iliya. "A baya ya kwanta. Na ce Baba ga wuri nan fili, ka miƙe sosai mana. Ko motsi bai yi ba, yana manne da bango."

Na tarar da Baba a gindin mangwaro, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na durƙusa na yi masa ta'aziyya, ya amsa, ya ce in je in ga aikina. Na shiga da sufana na bi notunan ɗaya bayan ɗaya, sama da ƙasa. Ko ɗaya bai saki ba. Shingen ɓangarenta yana ɗage yadda ake yi in tana kai, matashinta na wurinsa.

Na fito ina goge hannu. Sai na faɗi abin da mai sana'a zai faɗa.

"Baba, in kana so in rage faɗin gadon in sa maka kabad. Aikin wuni guda ne."

Ya dube ni ta saman gilashi.

"A'a, Haruna. Bar shi yadda ta auna."